Raƙuman Ruwa Da Kayan Da Suke Ɗauke Da Shi

Bahaushe dai mutumin tudu ne, galibinmu mun girma ba mu san wani ruwa da ya wuce kogi da tafki da kududdufin bayan gari ba. Duk da haka harshenmu bai rasa abin da zai kira tozayen nan masu birgima a kan teku ba, har suna uku ya ba su. Wani ya ce raƙuman ruwa, wani ya ce taguwar ruwa, wani kuwa ya ce igiyar ruwa. Na farko da na biyu, a ganina, sunaye ne irin na fatake, waɗanda suka hangi tozaye a jere suna tafe ɗaya bayan ɗaya sai suka tuna da ayarin Azbinawa. Na ukun shi ne ya fi ba ni mamaki, domin wanda ya fara laƙaba shi, ko ya sani ko bai sani ba, ya faɗi ainihin abin da masana suka daɗe suna lissafi kafin su tabbatar.

Ga yadda za ka gwada da kanka. Sami igiyar guga, ka ɗaure bakinta guda a turke, ka riƙe ɗaya bakin ka ja da baya, sa'an nan ka kaɗa hannunka sama da ƙasa sau ɗaya. Za ka ga wani tozo ya tashi daga hannunka ya ruga har ya je ya bugi turken. To, mene ne ya ruga? Igiya dai ga ta nan a hannunka, ba ta je ko'ina ba. In ka ɗaura ƙyalle a tsakiyarta, za ka ga ya ɗaga ya sauka a nan inda yake. Abin da ya yi tafiyar ƙarfin hannunka ne, kowane ɗan yanki na igiyar ya karɓa ya miƙa wa na gabansa, kamar yadda magina ke jera layi suna miƙa wa juna tubali. Haka raƙuman teku suke. Ruwan da ya bugi gaɓa yau ruwan unguwar ne, jiya ma yana nan. Ƙarfin da ya ɗaga shi ne baƙo, shi ne ya zo daga nesa.

Wanda ya taɓa jefa ƙwarya a tafki ranar da ake iska ya ga wannan da idonsa. Tozo zai zo ya ɗaga ta ya ɗan tura ta gaba, kwarin da ke bin bayansa ya sauke ta ya jawo ta baya, ta koma kusan inda ta tashi. Watau kewaya take yi a tsaye, kamar ƙafar keke da aka ɗaga sama ana juyawa. Ruwan da ke ƙarƙashinta shi ma kewayawar yake yi, amma gwargwadon zurfi gwargwadon ƙanƙancewar da'irar, har a kai inda motsin ya ɓace. An auna wannan iyaka. In ka ɗauki tazarar da ke tsakanin tozo da tozo ka raba biyu, to, a wannan zurfin ruwa ya kusa kwanciya. Shi ya sa jirgin yaƙi mai nutso yakan yi ƙasa ya bar hadari a sama, mutanen cikinsa suna shan shayi ba ya zuba, alhali kuwa manyan jiragen kaya suna can bisa ana watsi da su.

Daga ina ƙarfin ya fito? Asalinsa rana. Rana ba ta gasa duniya daidai wa daida, wani wuri ya yi zafi wani ya yi sanyi, iskar wuri mai zafi ta yi sama, ta wuri mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Kwararowar nan ita ce iskar da muke ji. Sa'ad da ta bi ta kan ruwa lafiyayye, da fari 'yan ƙananan tamoji take yi masa, irin waɗanda kake gani in ka hura koko a ƙoƙo, faɗinsu bai kai santimita 2 ba. Waɗannan da zarar iska ta tsaya sai su mutu. Amma in ta ci gaba, ta sami abin kamawa ke nan: ta tura bayan kowane ɗan tozo, ya ƙara tashi, tashin nasa ya ƙara ba ta wurin turawa. Ruwan da aka ɗaga kuwa nauyinsa ba ya barinsa a sama, sai ya faɗo, ya zarce ƙasa da inda ya taso, ya ɗaga na kusa da shi. Daga nan abin ya zama lilo, ya kama tafiya da kansa.

Girman raƙumi yana rataye ne a kan abu uku: ƙarfin iska, da daɗewarta tana busawa ta fuska ɗaya, da tsawon filin ruwan da ta samu ta bi ba tare da ƙasa ta tare ta ba. Na ukun nan shi mutane suka fi mantawa da shi. Komai haukan iskar bazara a kan madatsar ruwa ta Tiga, raƙuman da za ta tayar suna da iyaka, domin kafin su girma sun iso gaɓa. (Wannan ba ya nufin ba su kifar da kwalekwale ba ne, masuntan Kainji da na tafkin Cadi sun san suna yi.) Can kudu da ƙarshen Afirka kuwa akwai wani yanki inda teku ya kewaye duniya kaf, iskar yamma tana bi ta kansa dare da rana, ba dutse ba tudu. Nan ce babbar mahaifar raƙuman ruwa a duniya.

Kakanninmu da suka tafi hajji da ƙafa sun ɗanɗani wannan lissafi a jikinsu. Bayan shekara da shekaru a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur, sai a iso Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ya rage kimanin kilomita 300 na ruwa a kai Jidda. Bahar Maliya siriri ne, amma tsawonsa ya zarce kilomita 2,000, kuma iskar arewa ce ta fi yawa a wannan yanki, tana bin tsawonsa. Saboda haka tana samun fili isasshe, kuma jirgin da ke ƙetarawa daga yamma zuwa gabas a haƙarƙari raƙuman ke dukansa, wanda shi ne dukan da ya fi juya cikin fasinja. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, hadari ya same su a tsakiya, iska ta yi ta yawo da su kwanaki. Ya ba da labarin cewa jiragen wurin ba a buga musu ƙusa ko ɗaya, ɗinke katakansu ake yi da zaren ɓawon kwakwa. Jirgin da aka ɗinka yana lanƙwasa in ya sha duka, bai cika tsagewa nan take ba.

Abin da ya fi ɗaure kan baƙo a bakin teku wani abu ne dabam. Sa'ad da aiki ya fara kai ni Ikko, tun bakin ruwan nan da ake kira Babici yana nan, nakan je can da la'asar. Akwai ranakun da ko ganye ba ya motsi, sama garau, tutar da ke kan ginin gwamnati ta yi laƙwas, amma ga raƙuma suna ta isowa, dogaye, sumul, a jere, kowane ya zo ya fashe da ƙara kamar an kayar da katanga. Na riƙa duba agogo ina ƙirga tsakanin ɗaya da mai bi masa, sai in samu sakan 10 zuwa 12, da wuya ya kauce. Babu iskar da ta tayar da su a nan kusa. Waɗannan 'ya'yan guguwar kudancin tekun Atlantika ne, wadda aka yi ta aka gama kimanin mako guda da ya wuce, a nisan kilomita 5,000 ko fiye. Shi ya sa tekun Ikko ya fi fushi daga watan Yuni zuwa Satumba. Mu muna damina, su can kudu suna tsakiyar hunturu, lokacin manyan guguwowinsu.

Wanda ya tabbatar da irin wannan doguwar tafiya da awo shi ne Walter Munk, wani masanin teku na Amurka da ya rasu a 2019 yana da shekara 101. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi da malaminsa, Harald Sverdrup, suka tsara hanyar yin hasashen girman raƙuman ruwa daga labarin iska, domin sojojin da za a sauke a gaɓa su san ranar da kwalekwalensu ba zai kife ba. A 1963 kuwa ya jera tashoshin awo guda 6 a tekun Pasifik, tun daga Niuzilan a kudu, ta Samowa da Hawayi, har Alaska a ƙuryar arewa. Guguwa za ta tashi a tekun kudu, tashar farko ta rubuta raƙumanta, bayan kwanaki ta biyu ta gan su, haka haka har su isa Alaska, tafiyar da ta zarce kilomita 10,000. Sun iso a ƙanƙance ƙwarai, amma ana gane su. Abin da binciken ya nuna shi ne, da zarar raƙumi mai dogon taki ya fita daga yankin guguwar da ta haife shi, kaɗan yake zubarwa daga kayansa a hanya.

Fatake za su gane abin da ke faruwa a wannan tafiya. A wurin guguwa raƙuma a cakuɗe suke, manya da ƙanana, kowa na hawa kan kowa, kamar kasuwar kara ranar cin kasuwa. Da aka kama hanya sai ayari ya tace kansa. A ruwa mai zurfi, mai dogon taki ya fi sauri. Wanda ke zuwa duk sakan 10, tsakanin tozonsa da na gaba mita 156 ne, gudunsa kuwa kimanin kilomita 56 a awa. Mai zuwa duk sakan 15, takinsa mita 351, gudunsa ya kai kilomita 84. Sai dai akwai wani abin mamaki: ayarin kansa, watau tarin raƙuman da ke ɗauke da ƙarfin, rabin wannan gudu yake yi. Kowane tozo a bayan ayari yake ɓullowa, ya ratsa ta tsakiya yana girma, ya je gaba ya ɓace, wani ya sake ɓullowa a baya. Ka jefa dutse a kududdufi ka zuba ido sosai, za ka ga haka. Ayarin masu sakan 15 yana cin kimanin kilomita 1,000 a kwana, kusan nisan Kano zuwa Ikko.

Yanzu sai mu zo ga awon kayan. Da farko a sani cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne wajen nauyi: akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, in aka cika shi da ruwan teku, ya ɗara tan ɗaya kaɗan, watau buhun siminti 20. Na biyu, ƙarfin raƙumi ba ya bin tsayinsa ƙafa da ƙafa. In tsayi ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. In ya ninka sau uku, ƙarfi ya ninka sau tara. Injiniyoyi suna da wani gajeren lissafi da kowane akawu zai iya yi a bayan ambulan: ka buga tsayin raƙumi da kansa, ka buga da sakan ɗin da ke tsakanin tozo da tozo, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne kimanin kilowat ɗin da ke isowa a kan kowace mita ɗaya ta faɗin gaɓa. Raƙumi mai tsayin mita 2 da ke zuwa duk sakan 10 ya ba da kilowat 20 ke nan, abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 100 har guda 200, a kan taki ɗaya na ƙasa. Kilomita ɗaya ta ba da megawat 20. Tashar lantarki ta Kainji, wadda aka gama a 1968, an girka mata injuna masu jimlar megawat 760, watau daidai da abin da irin wannan raƙumi ke saukewa a kilomita 38 na gaɓa, ba dare ba rana, ba kuwa mai aiko da takardar biyan kuɗi.

Wani lokaci ayari biyu kan gamu, tozo ya hau kan tozo. Ranar 1 ga Janairu 1995, na'urar awo a wani dandamalin gas mai suna Draupner, a tekun da ke tsakanin Norwe da Birtaniya, ta rubuta raƙumi guda mai tsayin mita 25.6, kamar bene hawa takwas, alhali na kewaye da shi rabin haka suke. Kafin ranar, masana da yawa suna ɗaukar labarin irinsa a bakin matuƙa a matsayin ƙarin gishiri.

Duk wannan kaya a gaɓa ake sauke shi. Sa'ad da raƙumi ya iso inda zurfi ya gaza rabin takinsa, sai ƙafarsa ta fara taɓa ƙasa. Gudunsa ya ragu, na baya su matso kusa da na gaba, ƙarfin da dā yake shimfiɗe cikin ruwa mai zurfi ya rasa wurin zama sai sama. Tozo ya miƙe, ya tsaya, gindinsa yana jan ƙafa kansa yana gaba, har sa'ad da tsayinsa ya kusa kamo zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsa, sai ya kife da ka. Abin da ya ɗauko tun mako guda, cikin 'yan sakan ya zube shi: wani ya zama ƙara, wani kumfa, wani ɗan ɗumi da ba a ji, saura kuwa ya tafi wajen kwasar yashi.

A nan ne maganar ta shafi aljihunmu. Gaɓar Afirka ta Yamma, daga Gana har Ikko, a miƙe take, tana fuskantar kudu sosai, babu tsibiri ko lungun da zai kāre ta. Saboda haka ɗaruruwan shekaru manyan jirage ba su iya matsowa. Can nesa suke jefa anga, a aika musu da manyan kwalekwale masu matuƙa goma ko fiye, waɗanda za su ratsa ta inda raƙuma ke fashewa, su ɗauko kaya, su sake ratsowa. Fasinja kuwa a wani akwatin katako mai kujeru ake zuba su, ƙugiyar jirgi ta ɗaga su ta sauke cikin kwalekwalen da ke tsalle a ƙasa. A Ankara, babban birnin Gana, 'yan ƙabilun Ga da Fanti sun yi wannan aiki har 1962 da aka buɗe tashar Tema. Ta Takoradi ta riga ta, tun 1928. Ta wannan hanya goron Gwanja ya bi sa'ad da fataken Hausa suka fara barin doguwar hanyar jakuna suka koma ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma Kano ya shiga sayen gyaɗa a 1912. Mai goro ya tsaya a kan yashi yana kallon huhunansa suna hawa suna sauka a bayan raƙumi, ya san wanda ya faɗa ruwa ya tafi ke nan.

Ikko tana da tafki mai kyau a ciki, amma raƙuma sun tara tudun yashi a ƙarƙashin ruwa a daidai ƙofar shiga, tudun da ke sauya wuri, ya kuma ci jirage da yawa. Manyan jirage sai dai su tsaya a waje, ko su wuce Forcados, a juye kaya cikin ƙanana. Da dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa da fatu da auduga suka fara gangarowa, wannan jinkiri ya zama abin da ba a iya haƙuri da shi. Tun kafin nan Turawan mulki sun fara gina dogayen ganuwoyi na duwatsu daga gaɓa zuwa cikin teku, gabas da yamma da ƙofar, ana jigilar dutsen a jirgin ƙasa daga wajen Abekuta, ana kuma yashe hanyar. A 1914 manyan jirage suka fara shiga har ciki. Dalar gyaɗar Kano da duk abin da ya biyo bayanta ta wannan ƙofa suka fita.

Sai dai ganuwa ba ta kashe ƙarfin raƙumi, wani wurin take tura shi. Raƙuman gaɓarmu daga kudu maso yamma suke zuwa, saboda haka a ɗan karkace suke hawa yashi, su kuma koma a miƙe. Kowane ɗaya yana gusar da ƙwayar yashi 'yar tazara zuwa gabas. Ka tara wannan sau dubbai a kwana, shekara da shekaru, sai ka ga ashe akwai kogin yashi da ke gangarawa daga yamma zuwa gabas a bakin tekun. Ganuwoyin Ikko sun datse wannan kogi. A yamma da su yashi ya yi ta taruwa, ƙasa ta ƙaru. A gabas kuwa raƙuma suka ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. Babici, inda dattawa za su tuna ana harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970, ya yi ta ja da baya har aka rasa fiye da kilomita ɗaya na ƙasa. Gwamnatoci suka yi ta zuba yashi, teku yana kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello yana shiga harabar manyan gidaje. Tun wajen 2008 aka fara cike wurin domin gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, da katangar da aka tsara za ta zarce kilomita 8, an jibge ta da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Yau Babici babu shi. Zaizayar kuwa tana nan a ƙauyukan da ke gabas, wajen Lekki.

Labarin bai tsaya a Ikko ba. An gina tashar Kwatano a 1965, ta Lome a 1968, tashoshin da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka sani kamar tafin hannunsu, kuma a duka biyun abin da ya faru ɗaya ne: yashi ya taru a yamma, gabas ta zaizaye. A Togo sai da aka janye titin Lome zuwa Aneho daga bakin ruwa aka mayar da shi ciki. A Keta ta ƙasar Gana, inda madatsar Akosombo ta rage yashin da kogin Bolta ke kawowa tun 1965, teku ya cinye unguwanni. Ni ban ce kada a gina tasha ba, domin atamfar Kantin Kwari da takin zamani da maganin asibiti duk ta nan suke shigowa. Abin da nake ƙi shi ne lissafin da ba a cika shi ba. Ana rubuta kuɗin dutse da na siminti da ribar da za a samu, a bar kuɗin yashin da za a hana wa na gabas, alhali tun ranar da aka zana taswirar injiniya ya san ta wace fuska yashin ke tafiya. Wanda ke biyan wannan bashi masunci ne da bai taɓa shigo da kwantena ba. Ma'aikacin da fayil irin wannan ya biyo ta teburinsa yana da ikon ya tambaya, kafin ya sa hannu, wane ƙauye ne ke gabas da ginin, kuma me aka tanadar masa.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana a kama wannan ƙarfi a mayar da shi lantarki? An gwada, ana kuma kan gwadawa. A Mutriku, wani ƙaramin gari a arewacin Sifen, tun 2011 akwai ɗakuna a cikin ganuwar tasha inda raƙumi ke shiga ta ƙasa ya tura iska sama ta juya farfela. Injuna 16 ne, duka-duka kilowat 296. A Fotugal an kafa wasu manyan injuna uku masu kama da maciji a 2008, cikin 'yan watanni aka janye su. Matsalar ita ce gishiri yana cin ƙarfe, kuma injin da aka ƙera domin raƙumin mita 2 dole ya jure ranar da na mita 10 zai zo, mai ƙarfi ninki 25.

Akwai wani abu kuma da ya kamata duk wanda ke kai iyalinsa kallon teku ranar Salla ya sani. Ruwan da raƙuma ke tarawa a gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa ta wata 'yar siririyar hanya yake komawa, da gudun da ya fi na gwanin iyo. Wurin yakan yi kama da inda ya fi lafiya, domin duhu-duhu ne, ba kumfa, raƙuma ba su fashewa a nan. Nan ne baƙo ke zaɓa ya shiga. Wanda ruwan ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo a miƙe, gajiya za ta kashe shi. Hanyar ba ta da faɗi, kuma ba ta nutsar da mutum ƙasa, waje take kai shi. In ya iya iyo ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. In bai iya sosai ba ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Wanda bai iya ko kaɗan ba, iyakarsa gwiwa.

Wannan komawar ruwa ce ta kullum. Akwai kuma wata janyewa da ba ta da alaƙa da iska, inda teku gaba ɗaya zai ja da baya ya bar kifi a kan yashi. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta ɗaga ƙasan teku a yamma da tsibirin Sumatra na Indunusiya, a tsawon fiye da kilomita 1,000. Raƙumin iska saman ruwa kawai yake motsawa. Wannan kuwa, da ake kira sunami, ruwan ne duka ya motsa tun daga ƙasa har bisa, zurfin kilomita 4. A tsakiyar teku tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, jirgi zai hau shi bai sani ba, amma takinsa ɗaruruwan kilomita ne, gudunsa kuwa kimanin kilomita 700 a awa, kusan na jirgin alhazai. Da ya iso gaɓar lardin Aceh sai ya miƙe, a wasu wurare har mita 30. Bayan kamar awa 7 ya isa Somaliya ya kashe mutum wajen 300. Jimlar waɗanda suka rasu a ƙasashe 14 ta kai kimanin 230,000, mafi yawansu a Aceh, Allah ya jiƙansu. Babban masallacin Baiturrahman na birnin Banda Aceh ya tsaya, mutane da yawa suka tsira a cikinsa. A wurare da dama kuwa, da ruwa ya janye, mutane sun bi shi suna tsintar kifi.

A tsibirin Simeulue, wanda yake daf da inda girgizar ta tashi, ba su bi shi ba. Irin wannan bala'i ya taɓa auka musu a 1907, ya kashe jama'a masu yawa, waɗanda suka rage suka sa masa suna, smong, suka riƙa gaya wa 'ya'ya da jikoki a hira da wajen reno cewa in ƙasa ta girgiza, teku kuma ya ja da baya, a bar komai a hau tudu. Ranar nan babu rediyon da ya gargaɗe su, domin tsarin gargaɗi na tekun Indiya sai a 2006 ya fara aiki. Da girgiza ta lafa suka kwashi yara da tsofaffi suka yi kan duwatsu. Ruwa ya zo ya share ƙauyukansu na bakin gaɓa. Mutanen tsibirin sun kai 78,000, waɗanda ruwan ya ci su 7 ne.